Kafin a Tafa wa Mai Zane

A shekarar 1978, wata mujallar samari ta ƙasar Japan mai suna Weekly Shonen Jump ta buga gajeren labarin wani sabon mai zane ɗan shekara 23. Al'adar mujallar ce ta saka katin wasiƙa a kowace fitowa, masu karatu su rubuta labaran da suka fi burge su, su aiko. Da aka tattara katunan, labarin saurayin shi ya zo na ƙarshe. Sunan labarin Wonder Island, mai shi kuwa Akira Toriyama, mutumin da daga baya ya zana Dragon Ball, wanda aka sayar da kwafinsa sama da miliyan 260 a duniya. Yau ba abin mamaki ba ne ka tarar da yaro a Talata Mafara ko a Dakko yana kwaikwayon zanen Goku, jarumin labarin, da gashinsa mai tsini a bayan littafin lissafi, alhali bai taɓa jin sunan wanda ya ƙirƙire shi ba.

Yawancinmu mun ɗauka gwanintar mai ba da labari da zane ita ce ya zana fuska ta yi kama da mai ita. Wannan baiwa ce, amma ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Asalin gwanintar ita ce mutum ya kama idon mai karatu ya tuƙa shi inda yake so, da saurin da yake so, har ya sa shi dariya ko faɗuwar gaba a daidai wurin da ya shirya. Wannan kuwa ba a haihuwar mutum da ita, ba a kuma koyon ta a ɗaki shi kaɗai. Sai an miƙa wa mutane shafi sun karanta, sun yamutsa fuska, an koma an sake.

Naushin da ba a zana ba

Mu ɗauki shafi guda na labarin dambe. Mai zane yana da farar takarda, zai raba ta gida-gida zuwa akwatuna biyar ko shida. Tambayar farko a gabansa ba ta yadda zai fitar da damtsen ɗan dambe ba ce. Tambayar ita ce: a cikin motsi dubu da ke cikin karo ɗaya, wanne zai nuna, wanne zai bari?

Gwani zai buɗe da akwati mai faɗi: fili, da'irar 'yan kallo, makaɗa a gefe, ƙura na tashi. Wannan ya shaida wa mai karatu inda yake tsaye. Akwati na biyu ya matso kusa, ya nuna hannun da aka naɗe tam. Na uku idon abokin karo kawai. Na huɗu ƙafar da ta ɗan zame. Ƙananan akwatuna a jere suna sa ido ya yi gudu, babban akwati kuma yana sa shi ya tsaya ya huta. A can ƙasan shafi sai ga hannu ya tashi sama, bai sauka ba. Ka juya takarda, ka tarar da mutum kwance, 'yan kallo sun ɓarke cikin fili.

Naushin fa? Ba a zana shi ba. Amma duk wanda ya karanta zai iya rantsuwa ya gan shi. Ya sauka ne a 'yar farar ratar da ke tsakanin akwati da akwati, wato a cikin kan mai karatu. Wani Ba'amurke mai suna Scott McCloud ya wallafa littafi sukutum a 1993, shi ma cikin zane, yana bayanin yadda mai karatu ke cike wannan rata da kansa. A nan ne sana'ar ta bambanta da fim. A fim ana nuna maka motsi, a shafin zane kai ne kake motsa hotunan, mai zane ya dai shirya maka inda za ka taka.

Shi ya sa gwani yake ƙirga shafukansa tun kafin ya fara. Abin mamaki ba ya zuwa a shafin da ido ya riga ya hango, sai a bayan juyin takarda. Yana kuma lura da hanyar da ido ya saba bi. A rubutun boko ido yana tashi daga hagu zuwa dama, don haka wanda ya fara magana dole ya tsaya a hagu, in ba haka ba mai karatu zai karanta amsa kafin tambaya. Littattafan Japan daga dama suke farawa, kamar yadda ɗalibin makarantar allo ya saba. Yaron da ya yi allo ya yi boko yana da ido mai bin hanya biyu, ya rage ga mai zane ya zaɓi ɗaya tun daga akwatin farko, ya tsaya a kanta. Haka nan idan ya ajiye ɗan dambe Shago a hagu, abokin karonsa Ɗandunawa a dama, ba zai musanya su a akwati na gaba ba tare da dalili ba, don kada mai karatu ya rasa wa ya naushi wa.

Jiki yana da harshensa

Wani abin da ke wahalar da sabon shiga shi ne maimaici. Zana fuska mai kyau sau ɗaya ba wuya. Wuyar ita ce ka zana ta sau ɗari: ta gaba, ta gefe, ta ƙeya, tana dariya, tana fushi, tana barci, kuma kowane lokaci a gane mutum ɗaya ne. Masu sana'ar suna da gwajin da suke yi: su shafe surar jarumin baki ɗaya da baƙar tawada, su ga ko za a gane shi da inuwarsa kawai. Idan ba a gane ba, da sauran aiki. Karin hula, naɗin rawani, ɗaurin ɗankwali, tsayi, ƙusumbi, duk kayan aiki ne.

A nan ne mai zane na ƙasar Hausa yake da aikin da ba wani littafin waje da zai yi masa. Wanda ya koyi zane ta kwaikwayon littattafan Japan ko Amurka, zai kwaso har da yadda mutanensu ke tsayuwa da nuna fushi. Mu kuwa jikinmu da nasa yaren. Akwai tagumi, akwai riƙe haɓa don mamaki, akwai taɓe baki, akwai tafa hannu ana salati. Akwai yadda yaro ke durƙusawa gaban kawunsa, da yadda budurwa ke sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, da yadda dattijo ke ɗaga hannun babbar riga ya ɗora a kafaɗa kafin ya yi magana mai nauyi. Wanda ya iya kama waɗannan a layi uku ko huɗu, ya rage wa kansa rabin rubutu. Ba a kuma koyonsu sai da zama a inda mutane suke: kasuwar Talata Mafara ranar Talata, tashar mota, bakin gonakin shinkafa na ƙarƙashin madatsar Bakolori, da takarda a cinya, ana zana mutane kafin su gusa.

Sai maganar da ake sawa a bakin mutanen labari. Da'irar magana ƙarama ce, ba ta ɗaukar dogon zance. Bahaushe kuma ba ya shiga magana sai ya yi gaisuwa. Idan mai zane ya cire gaisuwar, jaruminsa ya zama marar tarbiyya a idon mai karatu. Idan ya zuba ta duka, daga kwana har gajiya har iyali, shafi ya ƙare ba a ce komai ba. Gwani sai ya bar hoto ya yi gaisuwar: takalmi a bakin ƙofa, gwiwa a ƙasa, kalma biyu a baki, a wuce. Zai kuma bar kowa ya yi magana da bakinsa. Tsohon Bazamfare a cikin labari ba zai ce "me kake yi" irin ta Bakano ba, "mi kaka yi" zai ce, kuma mai karatu na Bakura zai ji muryar kakansa ta fito daga takarda. Gizo ma in ya shigo, da tsamin bakinsa zai shigo.

Hausa kuma ta yi wa mai zane gata wajen sauti. Abu ya faɗi tim, ya shiga ruwa tsulum, ya karye ƙwas, mutum ya miƙe wuf, wuri ya yi tsit. A shafin zane waɗannan kalmomi zana su ake yi: "tim" da manyan baƙaƙe masu kauri a ƙasan akwati, "tsit" da ƙananan haruffa a tsakiyar fili. Ba ƙaramin abu ba ne, domin irin wannan ne ya fara buɗe wa Toriyama ƙofa.

Shekarun da ba a tafi

Toriyama ya yi kusan shekara uku yana zanen talla a wani kamfani a birnin Nagoya, sannan ya ajiye aikin. Yana zaune ba kuɗi, sai ya aika zane gasar sababbin masu zane ta mujallar Jump don ya ci kyautar. Bai ci ba. Amma wani matashin edita mai suna Kazuhiko Torishima ya lura da yadda yake zana haruffan sauti da tsabtar layinsa, ya aika masa saƙo ya ce ya ci gaba da turowa.

Abin da ya biyo baya shi ne makarantarsa ta gaskiya. Ya zana, Torishima ya mayar masa. Ya sake, a sake mayar masa. Shi da kansa ya ce shafukan da aka ƙi karɓa sun kai kimanin 500. 'Yan kaɗan da aka buga, masu karatu suka juya musu baya. Sai a 1979, da ya gwada labari mai jaruma mace, katunan masu karatu suka ɗan nuna alamar sha'awa. Editan ya riƙe wannan alama. Da Toriyama ya kawo labarin wani likitan ƙere-ƙere, sai Torishima ya nace cewa 'yar yarinyar inji da likitan ya ƙera ita ce za ta zama tauraruwa. Haka Dr. Slump ya fito a 1980, ya karɓu nan take. Toriyama ya rama wahalar da ya sha ta hanyar da mai zane kaɗai zai iya: ya zana mugun labarin da fuskar editan nasa, ya juya sunansa ya raɗa masa.

Shafuka 500 ɗin nan ba asara ba ne. A cikinsu ne hannunsa ya koyi barin abin da ba dole ba. Mai zanen mujallar mako-mako a Japan yana miƙa kimanin shafi 15 zuwa 20 kowane mako, shekara da shekaru, ba hutun kirki. Wanda bai iya tattalin layi ba, ba zai kai ba. Sanannen abu ne cewa lokacin da Goku ya rikiɗa gashinsa ya koma fari a shafi, ɗaya daga cikin dalilan shi ne a sauƙaƙa wa mataimakin Toriyama aikin cike gashi da baƙar tawada. Dabarar rage aiki ta zama alamar da duniya ta san labarin da ita. Toriyama ya rasu ranar 1 ga Maris, 2024, yana da shekara 68.

A Amurka wahalar ta zo da wata fuska. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga birnin Cleveland, sun yi kusan shekara biyar suna yawo da labarin jarumin da suka ƙirƙira, Superman, ana ƙin saye. Shuster ɗan talakawa ne, har a bayan takardar manna bango da aka zubar ya yi zane. A 1938 wani kamfani ya karɓa, suka sayar da haƙƙin mallakar jarumin kacokan a kan dala 130. Kamfanin ya tara dukiya, su kuwa suka tsufa cikin rashi, Shuster idonsa ya kusa tafiya. Sai a 1975, bayan surutu ya yi yawa, aka yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, aka mayar da sunayensu a kan littattafan. Wannan darasi ne da ya kamata duk matashin mai zane ya haddace: ƙin karɓar aikinka ciwo ne mai warkewa, sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba shi ne wanda ba ya jin magani.

Namu na gida

A Nijeriya sana'ar ta fara tsayuwa da ƙafarta ne a jarida. Akinola Lasekan, mai sa hannu da sunan Lash, ya yi ta yi wa mulkin mallaka shaguɓe da zane a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe tun a shekarun 1940. A 1976 Wale Adenuga, wanda harkar kasuwanci ya karanta a Jami'ar Legas, ya fito da mujallar barkwanci ta Ikebe Super, inda aka san Papa Ajasco da sanƙonsa. Ƙarfin Adenuga shi ne mutanensa sun yi magana irin ta titi, sun yi halin maƙwabtan mai karatu. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a ƙarshen shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kasuwar mujallun zane ta mutu, sai ya kwashi mutanen labarinsa ya kai su talabijin, suka ci gaba da rayuwa. Abin da ya gina ya fi ƙarfin takardar da aka buga shi a kai.

A wannan zamani akwai Roye Okupe, haifaffen Legas da ya karanta kwamfuta a Amurka. Ya yi ta neman wanda zai zuba kuɗi a fim ɗin zane mai jarumi ɗan Afirka bai samu ba. Sai ya ajiye aikinsa, ya nemi gudummawar masu karatu kai tsaye ta intanet, ya fara fitar da littattafai a 2015 tare da masu zane 'yan Nijeriya. Ɗaya daga cikinsu shi ne Malika, labarin sarauniya mayaƙiya da ya samo tushe daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A 2021 kamfanin Dark Horse na Amurka ya ƙulla yarjejeniyar buga littattafansa, a 2025 kuma aka fara nuna fim ɗin zane na labarinsa Iyanu a tashar Cartoon Network. Ya cancanci yabo. Ya kuma bar mana tambaya: tarihin Zazzau ya isa kantunan Amurka cikin zane da Turanci, yaushe zai iso hannun yaron Maradun da Hausa?

A Arewa sunan da aka fi sani shi ne Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, wanda da kansa ya koya wa kansa zane, ya kuma ƙawata littattafan yara da Dokta Fatima Akilu ta rubuta. Aikinsa na jarida akwati ɗaya ne tak, amma dokar ɗaya ce: ido ya fara sauka nan, ya gangaro nan, ya ƙare a kan abin da zai sa mutum ya yi dariya mai ciwo. Shi ma ya ɗanɗani bakin masu karatu. A watan Satumba na 2020, zanensa kan hotunan bikin 'yar shugaban ƙasa na lokacin ya raba kan jama'a a intanet, wasu na jinjina masa, wasu na cewa ya wuce gona da iri. Hoto guda ya yi abin da dogon sharhi bai cika yi ba.

Kunnen mai zane

Mutanen ƙasar Bakura da Maradun ba baƙi ba ne ga yadda ake zama gwani a gaban jama'a. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Kurna, kafin ya ja ragamar ƙungiya. Makaɗi yana da gatan da mai zane ba shi da shi: yana waƙa yana kallon fuskokin mutane, nan take ya san baitin da ya shiga da wanda ya faɗi ƙasa. Mai zane kuwa shi kaɗai yake aikinsa cikin dare, hukunci sai bayan kwanaki ko watanni. Don haka dole ya nemo hanyar ganin fuskar mai karatunsa, ya kuma koyi fassara abin da ya gani.

Japanawa sun mayar da abin lissafi. A mujallar Jump labarin da ya daɗe a ƙasan jerin ƙuri'u yakan tsaya bayan kamar mako goma. Dragon Ball kansa, da ya fara a 1984, bai yi tashe a farko ba. Editan ya gaya wa Toriyama cewa jarumin nasa bai da armashi. Bai zubar da Goku ba, bai kuma tambayi masu karatu abin da zai zana ba. Ya duba ya ga abin da yaron yake so a ransa shi ne ya ƙara ƙarfi, sai ya kai shi gasar faɗa inda wannan hali zai fito fili. Daga nan ƙuri'u suka tashi, labarin ya ci gaba har 1995. Daga baya kuma, da ya yi ƙarfi, yakan bi akasin abin da wasiƙun masoya suka roƙa da gangan, don kada labarin ya zama abin da kowa ya riga ya hango.

Amurkawa sun taɓa gwada miƙa wa masu karatu wuƙa da nama. A 1988 kamfanin DC ya ba da lambobin tarho biyu, ya ce jama'a su zaɓa: a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi. Ƙuri'a 5,343 suka ce a kashe, 5,271 suka ce a bari. Da ratar ƙuri'a 72 aka kashe shi. An sayar da littafi, an yi ta surutu, amma bayan shekaru kamfanin ya dawo da yaron da rai. Ƙuri'a tana iya kashe jarumi, ba ta iya rubuta labari.

To ina tsakiya? Masu karatu ba sa kuskure idan suka ce sun gaji a shafi na uku, ko ba su gane wanda ke magana ba, ko dariyar ba ta zo ba. Inda suke yawan kuskure shi ne wajen faɗin magani. Gwani yana karɓar ƙorafin ya ajiye maganin, ya koma ya nemo nasa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma kuma ba kowane mai cewa gyara ne ya san ɗaurin kayan ba. A yau da Facebook da WhatsApp suka sa martani yake zuwa cikin minti guda, wannan rarrabewa ta ƙara wuya. Yabon abokai ya fi zagi haɗari ga sabon shiga, domin wanda aka ce masa "gwani" tun a shafinsa na goma ba zai ga dalilin zana na ɗari biyar ba.

Abin da ke gaban yaron Dakko

Matashin da ya tashi da wannan sha'awa a Dakko ko wani gari na yankin yana da nasa tsaunukan. Na farko a gida yake: za a ce masa ya bar ɓata takarda, zane ba ya kawo tuwo. Na biyu tambaya ce da takwaransa na Tokiyo bai san da ita ba, wato hukuncin zana abu mai rai. Magana ce ta malamai, akwai hadisai a kanta, wasu malaman sun tsananta, wasu sun sassauta kan abin da ba shi da inuwa ko wanda aka yi don koyar da yara. Abin da ya dace shi ne ya kai tambayar gaban malaminsa cikin ladabi, ya san matsayin da zai tsaya a kai. Sai kuma tsadar takarda da tawada, da rashin wuta, da rashin tsaron da ya sha rufe makarantu da kasuwanni a Zamfara. Mafi girma duka, babu mujallar labaran zane ta Hausa mai fita a kai a kai da za ta karɓi aikinsa ko ta mayar masa da gyara.

Sai dai hannun ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Mai zayyanar allo, mai ɗinkin aska takwas a babbar riga, mai aikin hula, magini mai adon bango, mai fentin bayan motar kaya, duk sun san daidaita layi da raba fili. A Zariya, tun 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta ce a koyi dabarar Turai amma a zana da idon gida, kuma sashen da suka yi karatu a cikinsa yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello. Marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, sun nuna cewa ba sai an jira babban kamfani ba: sun buga da kuɗinsu, sun kai kasuwa, masu karatu suka ɗauke su. Labaran da za a zana kuwa sun yi yawa: Gizo da Ƙoƙi, 'yan dambe da 'yan kokawa, tsohuwar daular Zamfara, manoman Bakolori da abin da ya same su a 1980.

Kayan farawa ba su da yawa: fensir, biro baƙi, rula, da wayar da za ta ɗauki hoton shafi. Shawarar da masu sana'ar suka fi bai wa sabon shiga ita ce ya bar mafarkin littafi mai shafi ɗari biyu, ya fara da labari mai shafi huɗu, ya gama shi, ya fara wani. Gajeren labarin da aka kammala ya fi koyarwa a kan dogon da aka bari a hanya.

Tunda kuwa babu edita irin Torishima a kusa, mu masu karatu ne za mu tsaya a gurbinsa. Idan ƙaninka ko ɗalibarka ta miƙo maka shafukan da ta zana, kada ka tsaya a "kai, ya yi kyau". Zauna ka karanta a gabanta, ba tare da ta yi maka bayani ba. Nuna mata akwatin da ka rikice, da wanda ka tsallake, da inda dariya ta kufce maka. Kada ka gaya mata yadda za ta gyara, wannan aikinta ne. Idan ta dawo da gyararre kuma ya yi, ka saya da kuɗinka, ka bar sunanta a jiki lokacin da za ka tura wa wasu. Ta haka ake samun gwanaye a kowace sana'a, kuma wannan ba ta fita daban ba.